Na Kai Ƙanwata Asibiti Da Iƙamar Maƙwabciyarmu

Assalamu alaikum Anti mai shafi da masu karatu. Don girman Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don ni ma ban bar zagin kaina ba. A sakaya sunana.

A Sa'alaba nake cikin Jidda, wajen gwaggona. Na zo umra bayan na gama sakandare, na zauna ba takarda. Gwaggo tana da 'ya, bari in kira ta Nuwaira, shekararta sha tara, a nan aka haife ta, ita ma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa. 'Yan matan Larabawan da suka taso tare duk sun shiga jami'a, ita tana ɗaki tana ƙulla gyaɗa a leda gwaggo ta kai bakin masallaci. Ta sha ce mini, "Ya ukhti, 'yar'uwata, ni 'yar ina ce?" Sai in ce ta bar shirme.

Wata Juma'a da rana, gwaggo ba ta dawo daga bakin masallaci ba, na tarar Nuwaira ta yi yunƙurin kashe kanta. Ba zan faɗi da me ba. Ina zan kai ta? Wane asibiti zai karɓe mu? Sai na tuna iƙamar maƙwabciyarmu Rabi tana jakata, ta ara mini in je a cire mini haƙori, kamar yadda ake yi wa juna a nan, an cire amma ban mayar mata ba tukuna. Na sa wa Nuwaira niƙabi, na tari tasi. A asibitin na miƙa iƙamar, ba wanda ya duba hoto. An ceto ta, alhamdu lillahi. A gadon kusa da mu akwai wata 'yar ƙasa da aka kawo kan irin wannan, aka ja mata labule, likita yana ce wa babanta a hankali, "Ba komai, tsakaninmu ne." Mu kuwa tambaya ɗaya ake maimaita mana: "Waye kafilinta?" Wato ubangidan da ya tsaya mata a iƙama. Aka rubuta komai da sunan Rabi. Ni na tsaya ana rubutawa, na bar su suka gama.

Bayan sati biyu Rabi ta shigo da kuka. Wai asibiti sun kira kafilinta, matar gidan da take wa aiki ta ce, "Halas, shi ke nan, ba ma riƙe wadda za ta mutu mana a gida." Za su soke mata iƙama su sa ta a jirgi ƙarshen watan nan. Shekara shida tana musu aiki, 'ya'yanta biyu suna wajen mahaifiyarta a Gusau, da aikin nan suke ci. Waccan Juma'ar kuma ranar hutunta ce, ba mai shaidarta. Ba ta isa ta ce aro ta bayar ba, shi ma laifi ne.

Ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, tsakaninki da Allah, haƙori kawai aka cire miki?"

Na ce, "Wallahi Anti Rabi haƙori ne, sun dai haɗa takardu."

Ta ce, "Buɗe bakin in gani." Na buɗe, ta ga gurbin. Ta ce in yafe mata zargin da ta yi mini. Ita ce ta nemi yafiyata, jama'a! Yanzu matan unguwa in ta wuce sai su ce, "Ga mai saurin zuwa lahira nan," wasu sun daina cin abincinta.

In na faɗi gaskiya, Nuwaira za a kama a tura Najeriyar da ba ta taɓa gani ba, yarinyar da har yau ba na barin ta ita kaɗai ko banɗaki. An ba ta ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, amma da sunan Rabi, ba damar mu je. Gwaggo ta ce in na buɗe baki ba ta yafe ba. In na yi shiru, Rabi ta tafi da tabon abin da ba ta yi ba.

Jiya Rabi ta aiko mana da tukwanenta, wai mu riƙe tunda ba za su shiga jirgi ba. Saura kwana tara. Nuwaira ba ta san da sunan wa aka kwantar da ita ba, ina tsoron abin da za ta yi in ta ji. Ku gaya mini don Allah, me zan yi?