Ƙwanƙwasa a Ƙarƙashin Dutse

Zuwa ga Yaya Malsun,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwar kifi, ya ciwon gwiwa?

Yaya, tsoro nake ji. Kin san aikinmu a ramin nan na ƙarƙashin dutse: mun sanyaya ɗan lu'ulu'u a cikin wata na'ura fiye da ƙanƙara, muna jiran abin nan da ya cika sararin samaniya, wanda ido ba ya gani, ya taɓa shi. To, wani abu na taɓa shi a hankali, ba ƙaƙƙautawa, kuma ba wanda muke nema ba ne. Na canja wayoyi, na ƙara garkuwar dalma, yana nan daram. Sai na haɗa na'urar da lasifika. Ƙwas, ƙwas. Irin ƙwanƙwasar da Baba ya ce yana ji a bango kafin a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Shekararsa arba'in a lokacin. Watan gobe ni ma zan cika.

Ban nuna wa kowa ba. In suka saurara suka ce ba su ji komai ba fa?

Ƙaninki,
Duhyon

Duhyon,

Muna lafiya, gwiwa kuwa sai haƙuri.

Kai dai ka cika shirme. Duk karatun nan, ba ka san ana cewa zo ka taya ni ji ba? Baba shi kaɗai ya yi ta saurare, abin da ya cinye shi ke nan. Ka kira shugabarku Malama Pyo, ka kunna mata. In ta ji, matsalar na'ura ce, ku ƙarata can. Kuma ka riƙa fitowa kana ganin rana, mutum ba gafiya ba ne.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, wuƙa a hannu, sai da na zauna. Ka amsa mini da wuri.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Malama Pyo ta ji. Har dariya ta yi, ta ce masu irin na'urarmu a wasu ƙasashe ma suna fama da shi, ba wanda ya san daga ina yake. Wataƙila lu'ulu'un ne ke kukan matsin abin da ke riƙe da shi. Ranar na ci shinkafa kwano biyu.

Jiya muka kashe na'urar don gyara. Da hannuna na cire lasifikar.

Yaya, har yanzu ina ji.

Duhyon

Ƙanina,

Na rufe shago. Jirgin ƙasan safe zan biyo, da miyar ciyawar teku da muka saba sha ranar haihuwa, tunda taka ta matso. Kada ka sauka ramin nan. Ka zauna bakin ƙofa inda mutane ke wucewa, ka jira ni. Duk abin da kake ji, tare za mu saurara.

Malsun