Abin da Kawu Tarmuji Ya Yi wa Lakar Baba

Zuwa ga Yayana Darsono,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da sanyin Busan ta ƙasar Koriya da aikin jirgi. Allah ya tsare ka a kan ruwa, ya ƙara maka ƙarfin jiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma shanyar kifi, ƙanwarmu Lastri kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗin ji ba ne. Ka san lakar da Baba ya bar mana a bakin teku, bayan kurmin bakau, itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, inda 'ya'yan kifin lidah ke taruwa, fale-fale kamar farce, su lafe a ƙasa suna cin tsutsar laka da mitsi-mitsin jatan lande har su yi ƙwari su gangara ruwa mai zurfi. To, Kawu Tarmuji ya kawo mutanen wata gonar kiwon jatan lande suna kwasar tsutsar don ciyar da abin kiwonsu. Da haƙa suke yi da hannu, da sauƙi. Wani farin gari mai guba suke damawa a jarka, in ruwa ya janye su kwarara a ramuka, tsutsa ta fito tana murɗe-murɗe, su tsince manyan, su bar sauran su ruɓe a rana. Lakar ta yi baƙi ƙirin, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, har a tuwon shinkafarmu muke jin sa.

Shekaranjiya mijina Wagiman ya kawo mini 'ya'yan lidah cikin hularsa, a bakin ruwa ya tsinto su matattu. Na tsaga guda goma, cikin ko wanne fayau, sai wata koriyar majina. Amai na yi a gindin kwakwa. Na san lidah ɗin da tarunsa zai kama baɗi ne a hular nan.

Na je na samu Kawu. Dariya ya yi, wai tsutsa ce fa ba shanu ba, wai in na damu da 'ya'yan kifi haka in dama musu kunu in ba su da cokali. Ya ƙara da cewa ai kai da bakinka ka yarje masa ta waya. Tun da gani ya kori ji, na koma na ciko bokiti da lakar, na dire masa a baranda yana tsakar cin abinci da baƙinsa. Kowa ya toshe hanci ya watse, ɗaya har ya manta takalminsa. Inna ta ce na yi rashin kunya, amma na gan ta tana murmushi a bayan mayafi.

Dagaci ya ce ba zai kori masu kwasar tsutsar ba sai ya ga takarda daga hannunka, don kai ne babba. In ba ka yarje ba, ka rubuto da gaggawa, kafin sabon wata ya kawo wasu 'ya'yan kifin. In kuwa ka yarje, kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ka sani akwai wani bokitin yana jiran ka.

Inna tana sa maka albarka. Wagiman da Lastri suna gaishe ka. Ka gaida ɗan Gwaggo, Sukirno, in kun haɗu a tashar jiragen.

Ƙanwarka,
Rusmini