Inna, Injin Maradi Yana Gini Irin Naki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza maginiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara shida ke nan da rasuwarki, amma ban taɓa buƙatar ki kamar wannan makon ba, domin na shiga wani abu da ban gane kansa ba.

Lekol ɗinmu, makarantar da nake koyarwa a Madarunfa, za ta samu wani inji da ake kira 3D. Darakta ya ce malami ɗaya zai je Maradi ya koyo, ya dawo ya koya wa ɗalibai, kuma ni ya zaɓa. Na riga na fara zuwa, kuma ranar Alhamis za a gwada mu masu koyon. Idan na faɗi, injin zai tafi wata lekol, ɗalibaina su tashi a tutar babu saboda ni.

Bari in kwatanta miki shi. Kamar akwati yake. Yana haɗiye zaren roba, ya narkar da shi, ya riƙa zubo shi ta wani ɗan baki mai zafi, layi kan layi, har kofi ko murfi ya tashi. Amma sai an zana abin a ordinata, wato kwamfuta, tukuna, kuma nan ne kaina yake ɗaurewa.

Kowa da hanyar da ya nuna mini. Wata abokiyar aikina ta ce in kalli bidiyo a waya. Na kalla, Inna. Mutumin yana zuba Faransanci kamar an koro shi, ga rezo, wato sabis ɗin waya, yana ɗaukewa daidai inda zai faɗi abin da nake jira. Maigidana ya sa aka kawo mini littafi daga Katsina, ashe da Ingilishi aka rubuta shi, hotuna kawai nake kallo. Malaminmu na Maradi kuwa ya ce mu bar duk wannan, mu yi ta ɓata aiki har mu iya. Ɓatawa dai na ɓata, iyawar ce ta ƙi zuwa.

Makon jiya na yi abin kunya. Injin yana cikin gina wani ɗan kofi, sai na ga gefensa ya yi kaushi. Ban san lokacin da na tsoma yatsa a ruwan shana na miƙa zan shafe wurin ba. Bakin ya ƙone ni, kofin ya tuge, aji ya fashe da dariya. Malamin ya tambaye ni wa ya koya mini haka. Gaskiya ba wanda ya koya mini. Ke na gani kina yi.

Kin tuna zamanki a gindin itacen bedi, kina mulmula yumɓu kamar igiya kina ɗorawa a bakin randa? Kikan ce, “Rabi, taho ki riƙa mini nan.” Ni kuma in ɗaga littafi in ce an ba mu aiki. Ba kullum ne aka ba mu ba. Kunya nake ji kada ƴan ajinmu su gan ni da laka a hannu. Yau dai na faɗa miki gaskiya.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu na tafi Gabi wurin ƙanwarki Iya Hajo, na ce ta koya mini gini. Ta yi dariya har da hawaye, wai malama guda mai ƴaƴa uku. Duk da haka ta turo mini yumɓu. Na fara tulu, da na kai wuya sai ya rufta. Ta ce, “Bari ƙasan shi sha iska mana, ina za ki da wanga sauri?” Nan take na fahimci abin da malamin ya yi kwana uku yana maimaitawa da Faransanci a kan dalilin da aikina ke zubewa: ba a ɗora na sama sai na ƙasa ya yi ƙwari.

To yanzu ina na dosa? Zanen ordinata har yau rabi da rabi na iya. Wani lokaci ina gaban injin sai in rasa abin da ya kawo ni, shi nake koyo ko ke nake nema. Ɗan tulu na yanke shawarar zanawa ranar Alhamis. Ko zai tsaya, Allah ne masani, kuma tsoro nake ji.

Da zan taho, Iya ta kama hannuna ta jujjuya shi, ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce, “Wanga hannun Yaya ne sak. Da ma ta gani.” Kuka na yi a kan kabu-kabu har gida.

Ki yafe mini, Inna. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna a kan kowace randa da kika ɗaga ke kaɗai.

Taki ɗiya,
Rabi