Karan da Na Jiƙa da Shanun Arɗo

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya su Hajara da yara? Mu lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Masu sayen karan masara, waɗanda ke tsima shi su fitar da sinadari, sun ce mu fara jiƙa shi da soda ya yi laushi. Na jiƙa, na baza a gona. Na manta Arɗo Buba yana sako shanunsa cin kara bayan girbi, tun Baba na raye. Shanun suka ci karan, biyu sun kwanta ciwo.

Jiya a kasuwar Hunkuyi na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, amma bai tambayi mutanen gida ba.

Ka gaida kowa. Ka taya mu addu'a shanun nan su tashi.

Ƙaninka,
Habu