Hannunki Na Gani a Talabijin

Otara, Auckland

Zuwa ga Yaya Fuatino,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan Ya ƙara miki lafiya, Ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan. Bana shekara goma sha huɗu ke nan rabona da Savai'i, tsibirinmu na Samoa. Ina nan dai a mayankar nan mai sanyi, ina saɓar naman da ba ni zan ci ba. Baya ya gaji, amma da sauran numfashi. Yara duk lafiya.

Saƙonki ya iso ni, cewa kada Fili ta zo bikin buɗe dutsen kabarin Baba a watan Disamba, don matar fasto ta ce wasan barkwancin da 'yar taki ta fito a ciki a talabijin zubar da mutuncin gida ne. Maganar 'yar'uwa ba a tsallake ta a wurinmu, ni ma ba zan tsallake ba. Sai dai matar fasto ba ta kalla ba, ke ma ba ki kalla ba. Ni na kalla har ƙarshe, gani kuwa ya kori ji.

Labarin lokacin da masu bishara suka fara sauka a tsibiranmu ne. Fili ta fito a fa'afafine kamar yadda take, wadda aka haifa namiji ta tashi da hali da aikin mata. Ita ce tafintar Baturen mishan, tana gyara wa'azinsa a hanya don kada a jefa shi a teku. Ba zan ɓoye miki aibin wasan ba. Sun mai da Baturen wawa fiye da kima, alhali irinsa ne suka koya wa kakanninmu karatu, kuma tsofaffin ciki suna magana kamar 'yan jami'ar yau. Akwai kuma wasu matuƙan jirgi biyu, maza, masu son juna. Da aka fara nuno su tashi na yi na shiga kicin. Da na dawo na tarar suna faɗa kan wanda ya bar gishiri ya jiƙe, irin faɗan da muka yi ta yi da matata marigayiya Sieni. Ba don a yi musu dariya aka sa su ba. Dariyar tana kan shugaban ƙauyen da ya ba da aladu shida a kan wando ɗaya. Har Sitani, ɗan Tongan da muke aiki tare, wanda bai taɓa yabon komai namu ba, ya ce da ni, tsoho, ashe gidanku ma an haifi mai amfani.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Turawan da suka rubuta wasan sun tsara uwar tafintar ta kore ta daga gida, don haka suka saba gani a nasu. Fili ta ajiye musu takardar ta ce, "In an kore ni, wa zai yi wa tsohuwa wanka? Mu ba haka muke ba. Uwata ce ta zaunar da ni ta koya mini saƙa." Dole suka sake rubutawa. Da suka kawo tabarmar kwanciya wai ita ce 'ie toga, lallausar tabarmarmu ta girmamawa, sai ta zo aron wadda Mama ta ba ni ranar tahowata. Na yi ƙunƙunina, amma na bayar.

A kashi na huɗu an nuno ta tana saƙa. Ta tsaga ganyen siriri, ta lashi babban yatsa kafin ta lanƙwasa shi, ta karkatar da kai hagu tana cije leɓe. Yaya, hannunki na gani. Ni da ƙasar nan ta busar wa ido, sai da na nemi ƙyalle. A gaban baƙi yarinyar nan ta tsaya ta ce uwarta ba mai kora ba ce. Ban gaya mata saƙonki ba tukuna. Kada ki mai da ita maƙaryaciya.

Ki gaishe mini da mijinki Uelese, da Gwaggo Lusila, da su Tanielu da yaransu. Matar fasto ma ki gaishe ta, ba ni da faɗa da ita.

Abin da na iya tarawa bana kuɗin jirgi ne na mutum ɗaya tak, zuwa da dawowa. Ni Baba ya saba jirana. Sunan da za a rubuta a tikitin, nawa ko na Fili, daga bakinki nake jiran ji.

Ƙaninki,
Penaia