Mayafinki Da Na Ƙulle A Leda

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na zo miki da labari ne: an yi min aikin hancin nan da kika hana.

Kar ranki ya ɓaci, Inna, ba a tsaga min fuska ba. Ina tuna ranar da likita ya ce guringuntsin da ya raba hancina biyu ne ya karkace, shi yake toshe min numfashi. Kika ja hannuna muka fito kina cewa, "Ba mai sa wa 'yata wuƙa a fuska." Muka koma sirace da man zafi.

Haka na girma da baki buɗe, ƙamshi ma sai ya yi ƙarfi nake ɗan jinsa. Ke ce hancina. Daga ɗaki za ki ɗaga murya, "Hadiza, tuwonki ya kama!" Tun rasuwarki kuwa tukwanena suna shan wuya.

Ranar da aka raba kayanki a gidanmu na Unguwar Shanu, Yaya Binta ta shinshina mayafinki ta fashe da kuka, ta ce ƙamshinki yana nan. Na kai hancina, ban ji komai ba. Na roƙa aka bar min shi, na ƙulle a leda, ina tsoron kar ƙamshin ya gudu ban taɓa saninsa ba.

Abin da ya mayar da ni asibiti ke nan. Yanzu ta cikin hanci suke bi, da wata siririyar na'ura mai fitila da kyamara. Aka yi min allurar barci, na farka da auduga cushe a hanci. Ko tabo babu.

Da kumburin ya sauka, na kwance ledar. Na zaci turaren wuta zan ji. Inna, daddawa ce! Daddawar da kike sayarwa a ƙofar gida, da hayaƙin murhu, da ɗan man zafin nan da kike shafa min. Na yi ta dariya har hawaye suka jiƙa mayafin. Ashe haka kike, Innata.

Jiya na sauke tuwona tun bai kama ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shaƙa miki ƙamshin Aljanna. Amin.

Autarki,
Hadiza