Muryar da Ke Cikin Tsohon Kaset

Alhamis, bayan isha'i

Tsohon kaset ɗin nan mai kiɗan fiyano irin na da, wanda na tsinta a shagon mai gyaran rediyo a Ƙofar Mazugal, ba suna ba hoto, shi na ɗora a kwamfuta na sake masa ganguna, na ƙara wa muryar matar da ke waƙar gudu. Yanzu ba gidan bikin da ba a sa shi.

Da la'asar na kunna wa Umma don in burge ta. Tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta ce, "Kashe." Na kashe, sannan ta ce, "Ni ce. Kafin aurena na shiga situdiyo a ɓoye. Babanku bai sani ba."

Umma fa. Matar da ko guɗa ban taɓa jin ta yi ba, matar limamin layinmu a Kabara. Ni kuwa na watsa ta gari.

Tuwo ma na kasa ci. Bayan magariba Baba yana shigowa, waƙar ta tashi daga wayar maƙwabta. Ya tsaya a tsakar gida da carbi a hannu, ni kuma na sunkuyar da kai.

Sai ya ce, "Wa ya ɓata waƙar nan? Mai ita a hankali take rera ta."

Ya dubi ƙofar ɗakin Umma, ya wuce.